Wai allurar korona ce ta kashe mijin Sarauniyar Ingila?

DanNima: Salam jama'a. Tun ranar Juma'a 9 ga Afrilu 2021 da aka sanar da mutuwar Yarima Philip wata murya ke ta yawo a WhatsApp, wai rigakafin korona ce ta kwantar da shi, an yi musu shi da Sarauniya a Janairu kafin ka ce me sai ga shi a gadon asibiti. Yanzu Hajiyata ta rantse ba za ta koma karɓar ta biyu ba, ga ta da suga ga hawan jini. Don Allah masu sani akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan?

AntiNas: Wa alaikumus salam ƙanena. Mutumin nan fa shekararsa 99, saura wata biyu ya cika 100, kuma ciwon zuciyarsa ba na jiya ba ne, tun 2011 aka buɗe masa jijiyar zuciya da ta toshe. Allurar ranar 9 ga Janairu aka yi musu a fadarsu ta Windsor, asibiti kuma sai 16 ga Fabrairu ya shiga, a Maris aka sake yi masa aiki a zuciyar. Matarsa da aka yi wa rana ɗaya da shi ba abin da ya same ta bayan allurar, ita da bakinta ta ce ko zafi ba ta ji ba. Abin da muke gani a wajen aiki bai wuce hannu ya yi tsami ba, zazzaɓi, ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu, a sha parasitamol a kwanta shikenan.

Aboabo_Boy: Anti ki yi haƙuri amma ruwa ba ya tsami banza. In ba komai me ya sa Jamus da Faransa da Denmak suka dakatar da allurar AstraZeneca a watan Maris, kuma ita ɗin ce dai aka sauke mana a filin jirgin Kotoka na Accra guda 600,000 muna ta murna wai mu ne na farko a COVAX, shirin raba wa ƙasashe rigakafin korona. Fadar ma ai ba ta faɗi wace iri aka yi musu ba, to ka ga dole mutane su yi zargi

AntiNas: Maganar daskarewar jini da ta sa suka dakatar da ita gaskiya ce, ba na musu, hukumar magunguna ta Turai ta faɗa ranar 7 ga Afrilu. Amma da wuyar gaske ake samu, kuma yawancin waɗanda abin ya sama mata ne ƴan ƙasa da 60, cikin sati biyu da yin allura. Tsoho namiji da ya yi sama da sati biyar lafiya lau ta ina ya shigo lissafin nan? Jamus da Faransan ma sun ci gaba da yi wa tsofaffinsu.

AlhajiFadama: Yaro, kada ka tsaya jayayya da mahaifiyarka a kan Bature, ba za ka ci riba ba. Ce mata Shehu Sharubutu, babban limamin Ghana, ya haura shekara 100 ya miƙa hannu an yi masa, ga shi nan muna sallah a bayansa. Ranar da za ta je awon jini ka raka ta da katin allurar, likitanta ya yi mata bayani da kansa.

DanNima: Na gode Baba, na gode Anti. Alhamis ce ranar awonta, zan ajiye aiki in kai ta. Matsalar dai ƙanwarta ce ta Kumasi, ita ke turo mata muryoyin nan kullum bayan isha'i.