Neman Shawara: An Yi Wa Hajiyarmu Tiyatar Ƙari A Gaban Kunne, Yanzu An Ce Sai Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, daga Gombe nake. Mahaifiyarmu ce ta daɗe da kumburi a gaban kunnen hagu. Ba ya mata ciwo, shi ya sa aka ɗauka hangum ne, aka yi ta shafe-shafe. Da ya ƙi sacewa muka je asibiti, aka tsira allura aka ɗebi kaɗan, daga baya aka yi tiyata. Likita ya ce daga inda yawu ke fitowa ya tsiro, kuma kansa ce, amma mai tafiyar hawainiya. An cire duka, bai bazu ba. Sai dai a takarda an rubuta sunan irin kansa biyu, acinic da secretory, wai ba a tantance wanne ba ne sai an aika naman an yi gwajin ƙwayoyin halitta. Kuɗin da nauyi. Yayanmu ya ce a sayar da filin Hajiya na Tumfure, ƙanwarmu ta ce tunda an cire ai shi ke nan. Ya za mu yi?

Wata 'yar uwa daga Pantami: Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Ita kun tambaye ta kuwa? Filin fa nata ne.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Bauchi: Ɗan uwa kwantar da hankalinka, ba sake yanka Hajiya za a yi ba. Naman da aka cire yana nan a daskare cikin kaki, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, shi ake aikawa. Waɗannan biyun kuwa sun sha rikita masana, don sai a 2010 aka gane secretory iri ce mai zaman kanta. A cikinta wasu ƙwayoyin gado biyu ne, ETV6 da NTRK3, suke mannewa da juna su riƙa tunzura ƙarin yana girma. Gwajin wannan mannewar yake nema. Akwai maganin sha da aka yi don irin wannan, larotrectinib, Amurka ta amince da shi a 2018. Amma fa wanda ciwon ya bazu masa ko tiyata ta gagara ake ba wa, kuma da tsadar gaske. Wanda aka cire wa duka, yawanci bibiya ce, wani lokaci a haɗa da gashin wurin da na'ura (radiotherapy).

Ni da ni ne, ba zan taɓa fili ba tukuna. Ku tambayi likita ko za a fara da gwajin rini da ake yi a kan gilashi, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa shi kaɗai yana raba gardama. Sannan ku ce masa: in sakamako ya fito, me zai canja a maganin Hajiya yanzu? In ya ce ba komai, kakin ba ya lalacewa da wuri, yana shekaru, ana iya yi duk ranar da buƙata ta taso.

Wani daga Kumo: Akwai mai maganin gargajiya a wajenmu, yi mini magana ta ciki.

Admin: Malam, ban da talla a nan.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwarku ta yi gaskiya rabi. An cire, amma irin wannan takan dawo bayan shekaru, don haka kada a yi wasa da ranar ganin likita. Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce gwajin ɓarnar kuɗi ne ga kowa. Akwai wata kansar mai saurin bazuwa da ke tsirowa a bututun yawu, an fi ganinta ga dattawa maza. Ita ana duba wani sinadari mai tunzura ƙari da ake kira HER2, da kuma ko sinadarin maza ne ke ciyar da ita, sakamakon kuma shi ke nuna maganin da za a ba da, har da irin wanda ake ba masu kansar nono ko ta prostate (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza). Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin wurin nan take ratsawa, ya bakin Hajiya da idonta bayan aikin?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Bakin ya ɗan karkace amma yana dawowa, idon yana rufuwa lafiya. Hajiya ta ce a bar mata filinta. Ranar Talata za mu koma, zan tafi da Yaya ya ji da kunnensa.