Tambaya kan aikin Dakta Leena Tripathi da cutar yaushin ayaba

Ɗalibar Noma: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma ina so in karkata zuwa nazarin ƙwayoyin gadon tsirrai. Sunan Dakta Leena Tripathi ta IITA, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noma a ƙasashe masu zafi, yana yawan fitowa a karatunmu. Malamai, ku taimaka mini da bayanin tafiyar aikinta, da dalilin da ya sa ayaba take buƙatar gyaran ƙwayoyin gado alhali ana iya inganta masara da dawa ta hanyar haɗa iri.

Malamin Kimiyyar Tsirrai: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Haifaffiyar Indiya ce, a can ta yi digirinta na uku, ta ƙara gogewa a Amurka, sannan ta shiga IITA a Ibadan, daga baya aiki ya kai ta Yuganda da Kenya. Amsar tambayarki ta biyu tana cikin ayabar da kike ɓarewa: ba ki taɓa tauna ƙwallo a cikinta ba. Yawancin ayabar da ake ci ba ta yin iri, da 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar ake dasa ta, saboda haka haɗa iri yana cin shekaru masu yawa, kuma duk cutar da ta kama uwa tana bin zuriyarta.

Cutar da ta fi ɗaukar hankalinta ita ce yaushin da bakteriyar Xanthomonas ke haddasawa, wadda aka fara ganewa a Habasha, ta ɓulla a Yuganda a 2001, ƙasar da ayaba ce tuwon gida. Ganye ya yi rawaya ya langaɓe, nonon ayaba ya nuna kafin lokacinsa ya ruɓe ta ciki, idan kuma aka sare kututturen sai wani ruwa mai yauƙi kamar mugunya ya tsatso. Addar manomi da ƙwarin da ke sauka kan fure su ke yaɗa ta. Da yake ba a samu irin noma mai jure mata ba, sai Tripathi da abokan aikinta na hukumar binciken noma ta Yuganda suka ɗauko ƙwayoyin gado biyu daga tattasai, Hrap da Pflp, suka sa wa ayaba. An fara gwaji a gona a Kawanda ta Yuganda a 2010, kuma wasu daga cikin tsirran sun tsaya lafiya ƙalau.

Jami'in Gona: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ya kamata ɗalibar nan ta san cewa har yau wannan ayaba ba ta isa hannun manomin Yuganda ba. Majalisar ƙasar ta amince da dokar da za ta ba da damar sakin irin a 2017, Shugaba Museveni ya ƙi sa hannu. Abin da ya rage ɓarnar a ƙauyuka shi ne cire furen ƙarshen nono, da ƙona baƙin adda a wuta, da tumɓuke tsiron da ya kamu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin binciken da ya tsaya a cikin shingen gwaji bai ciyar da kowa ba.

Malamin Kimiyyar Tsirrai: Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma ina ganin wannan na daga cikin abin da ya ƙara wa CRISPR, fasahar yanka da gyara ƙwayoyin gado, daraja a aikinta, domin ana iya gyara ƙwayar gadon tsiron ba tare da an bar baƙuwa a cikinsa ba. A 2019 tawagarta ta kashe ƙarfin wani bairos da ke kwance cikin gadon agade, wanda yake farkawa idan fari ya matsa wa tsiro. Sun yi aiki a kan doya ma. Ɗiyata, ba sai kin ƙetare ba kafin ki fara: cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ce ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure Maruca, tsutsar da ke huda kwanson wake, a 2019, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Ki fara ƙwarewa a renon tsiro cikin kwalba, domin a nan yawancin ɗalibai suke tuntuɓe.

Ɗalibar Noma: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nemi gurbin horon a Samaru, kuma zan karanta dokokin NBMA, hukumar Najeriya mai sa ido kan fasahar sauya halittu, kan gyaran ƙwayoyin gado kafin in zaɓi batun bincikena.