Saba ta ƙi tashi, wai babu libssl.so.1.1: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Ɗan Gwaram: Assalamu alaikum. Yau kwana uku ina fama. Wata Islamiyya a garinmu ce ta ba ni aikin haɗa saba (kwamfutar da ke riƙe bayanai don sauran kwamfutoci su ɗauka) ta cikin gida don ajiye sakamakon ɗalibai. Na ɗora tsarin Linux na Ubuntu 22.04 a wata tsohuwar kwamfutar tebur, manhajar kuma a filas na kawo ta daga Dutse, don sabis ɗinmu sai a hankali. Ta shiga lafiya lau. Ina tayar da ita sai ta watso min: "error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file". Kullum bayan La'asar shugaban makarantar sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, an gama?" Ni kuwa sai murmushin yaƙe. Wanda ya taɓa shiga wannan ya taimaka.

Malamin kwamfuta, Ringim: Wa'alaikumus salam. Bara na sha irinta. Kwamfutarka ƙalau take. Tun da 22.04 ta fito a watan Afrilun 2022 da OpenSSL 3 (kayan ɓoye bayanai da manhajoji ke dogara da su) take zuwa, fayil ɗin da ke cikinta libssl.so.3 ne. Manhajarka kuwa don 20.04 aka gina ta, shi ya sa take kiran 1.1. Buga umarnin ldd (mai jero fayilolin da shiri ke buƙata) da sunan shirin, duk layin da ka ga "not found" shi ne abin da ya ɓace. Sannan dubi sunan ƙunshin da ke filas ɗinka: in akwai focal a ciki na 20.04 ne, kai jammy, wato na 22.04, kake nema. Ni sai da na ƙone datar wata guda kafin na lura da kalmar nan ɗaya.

Ɗan auta, Sumaila: Yaya, ba sai ka sake sauke komai ba. Ni da MySQL ta ce min babu libaio.so.1 a 24.04, ln -s (umarnin da ke sa wani suna ya nuna wani fayil) kawai na yi, na nuna mata libaio.so.1t64 da ke ciki, ta tashi nan take. Yi wa taka haka mana.

Mai kula da kwamfutocin asibiti, Dambatta: Ƙanena, taka sa'a ce, amma ba kowace rana ce Juma'a ba. Libaio suna kawai ta sauya, kayan cikin suna nan yadda suke. Tsakanin OpenSSL 1.1 da 3 kuwa kayan ne suka bambanta. Na gwada dabarar nan da hannuna a sabar da muke ajiye katin marasa lafiya. Kuskuren farko ya tafi, har na fara hamdala, sai ga wani: "version OPENSSL_1_1_0 not found". Ranar a littafi muka rubuta masu awo, layi har gindin darbejiya. Akwai masu ɗauko libssl1.1 ta 20.04 su cusa, tana aiki, amma ba za ta riƙa samun gyaran tsaro ta apt (mai sauke manhajoji da sabunta su) ba. A kan bayanan mutane ban yarda da wannan ba.

Tsohon hannu, Kazaure: Ku dai ku gode Allah libssl ce. Ni glibc na taɓa, wato ginshiƙin shirye-shiryen Linux. Linux ta CentOS 7 ce a hannuna, glibc ɗinta 2.17, Node.js 18 kuma ta ce sai 2.28. Ƙarfin hali ya ɗebe ni, na kwafo libc.so.6, fayil ɗin glibc, daga wata kwamfuta na danne ta asali. Wallahi ko ls mai jero fayiloli ta daina amsawa, don kusan kowane shiri a kanta yake tsaye. Ga damina, ga sabar a wani ƙauye da mota ba ta shiga in an yi ruwa. Acaɓa na hau, filas a leda cikin aljihu, na je na tayar da ita daga waje na mayar da tsohon fayil. An daina tallafa wa CentOS 7 tun 30 ga Yunin 2024, daga baya dai sauya ta na yi gaba ɗaya.

Malamin kwamfuta, Ringim: Na manta: in ka samo ta jammy, kar ka saka da dpkg -i, shi ba ya jawo abokan tafiyarta. Yi apt install ./ da sunan fayil ɗin. In kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, dpkg --configure -a ne farkon abin bugawa.

Ɗan Gwaram: Allah ya saka da alheri. Malam, na duba, focal ce ɓaro-ɓaro a sunan. Anti ta Dambatta, na fasa ln ɗin. Da daddare zan je bakin kasuwa inda sabis ya fi ƙarfi in sauke ta jammy. Sai dai ita sabar babu intanet a ɗakin da take. In apt ta nemi ƙarin ƙunshi, ya zan yi?

Tsohon hannu, Kazaure: Jona wayarka da kebul ka ba ta data. In sabis bai kai ɗakin ba, ɗaure kwamfutar a bayan mashin ka kai ta shagon mai caji. Ka tafi da allo da kibod, ni na taɓa mantawa.