Zakin tagulla mai sa hannun Barye yana fitar da koren gari, me zan yi?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin dabbobin tagulla na Faransa.

Shekara uku ke nan na sayi wani ƙaramin zaki a kasuwar tsofaffin kaya a Paris. A gindinsa an rubuta BARYE, a gefe kuma akwai "F. Barbedienne Fondeur", wato sunan maƙerar da ta zuba shi. Na san Antoine-Louis Barye, Bafaranshen da ya shahara wajen ƙera siffofin dabbobi, ya rasu a 1875, kuma maƙerar Barbedienne ta sayi samfuransa a gwanjon 1876, don haka na riga na haƙura cewa nawa zubin bayan rasuwarsa ne. Na ɗan kankare ƙarƙashinsa don in tabbatar tagulla ce, launin rawaya ya fito, ba fari irin na tutiya ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, tun daminar bara wani koren gari mai haske yake tsirowa a tsakanin ƙafafunsa na baya. In na share da buroshi mai laushi, bayan mako biyu ya dawo, har ya bar ƙananan ramuka. Na shafa kakin zuma, sai ma abin ya ci gaba a ƙarƙashin kakin. Wani aboki ya ce in goge da lemun tsami da toka kamar tukunya, na ƙi, don tsohon launin nan shi ne rabin darajarsa.

Shin wannan ce cutar tagulla da gishiri da danshi ke haddasawa? In ita ce, yaya zan cire kakin in tsayar da ita ba tare da launin ya tafi ba?