Sabobi masu ƙaruwa da kansu: wa azumi ya taɓa gwada shi?

Abdulmajid, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin kai abinci gida. Bana maigida ya ce a daina danne-danne da hannu, komai a rubuta shi a Terraform, manhajar da ke gina sabobi bisa abin da aka rubuta mata a fayil, har rukunin sabobin (kwamfutocin da ke karɓar odar kwastomomi) da ke ƙaruwa da raguwa da kansu a AWS, inda ake hayar sabobi daga kamfanin Amazon. Ga azumi ya ƙarato, kuma kun san halin oda a watan: shiru har la'asar, sai ta ɓarke kafin magariba, ta sake tashi bayan tarawi har sahur. Wanda ya taɓa cin karo da wani abu ya ba mu labari don Allah.

Malam Sani, Riyad:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da agogo. Ranar 1 ga Maris 2025, farkon azumi, na tsara a ƙara sabobi da uku da rabi na yamma don su riga cunkoso. Ashe in ba ka faɗi yankin lokacinka ba, da UTC, agogon bai ɗaya na duniya, ake lissafi, mu kuma a Saudiyya muna gaba da awa 3. Sabobi 12 suka taso ƙarfe shida da rabi, jama'a sun sha ruwa har sun idar da salla. Ni kuwa da dabino a hannu, waya na ta ruri. Layi ɗaya ne maganin, time_zone = "Asia/Riyadh". Kuma kar ka dogara da ma'aunin CPU kaɗai, wato nauyin aikin da ke kan saba, kafin ya farga mutane sun riga sun cika ƙofa.

Hajiya Rukayya, Damam:
Malam Sani, naka da sauƙi, nawa da hannuna na yi. A fayil ɗinmu an rubuta desired_capacity = 2, wato adadin sabobin da ake so su kasance a tsaye, tun ranar da aka kafa shi, kowa ya manta. Wani dare bayan tarawi rukunin ya kai sabobi 9 da kansa, yana aikinsa lafiya lau. Aka ce in gyara wata 'yar alama a jikin mai rarraba baƙi tsakanin sabobi, abin da bai kai ya kawo ba. Na buga plan, umarnin da ke nuna abin da zai canza, na ga "2 to change", ban tsaya karantawa ba saboda barci a idona, na ce yes. Terraform ya ga 9 a inda takarda ta ce 2, ya yi abin da aka umarce shi. Ina kallon allo sabobi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya har 7.

Dama sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Ko dai ka cire desired_capacity gaba ɗaya, ko ka sa shi cikin ignore_changes don Terraform ya daina taɓa shi, ka bar masa min_size da max_size kawai, wato mafi ƙaranci da mafi yawan sabobi. Tun daga ranar ba na taɓa apply, umarnin aiwatar da canji, tsakanin la'asar da sahur, ko wa ya roƙa.

Abu Fahad, Makka:
Mu kuma sabar ce ke ɗaukar kusan minti 7 kafin ta shirya, don sai ta tashi take sauke manhajoji. Wa'adin da ake ba ta kafin duba lafiyarta daƙiƙa 300 ne. Sai a ce ba ta da lafiya, a kashe, a tada wata, ita ma haka. Muka koma gina hoton saba, wato shiryayyen kwafinta, da manhajar Packer, komai na ciki tun farko. Yanzu ba ta kai minti 2.

Yaya Usman, Jidda:
Ni ɗan Maiurno ne a Sudan, a Khartum nake aiki kafin yaƙi. Fayil ɗin state, wanda Terraform ke tuna abin da ya gina da shi, a kwamfutata kaɗai yake. Sauran fayilolin suna Git, ma'ajiyar masu rubuta manhaja, state ɗin ne ban taɓa ɗorawa ko'ina ba. Bayan 15 ga Afrilu 2023 muka fita da kayan jikinmu, kwamfutar na ofis. Sabobin suna can suna aiki, amma Terraform bai san su ba, yana neman gina sababbi. Sati biyu na yi ina import, wato ina sanar da Terraform su ɗaya bayan ɗaya. Ka ajiye naka a S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, da kulle tun yau, Abdulmajid.

Malam Sani, Riyad:
Allah ya kawo zaman lafiya, Usman. Wani abu kuma: ku tambayi lauyanku inda bayanan kwastomomi za su zauna, tunda dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki gadan-gadan a Satumba 2024. Yankin AWS na Bahrain, wato cibiyar sabobinsu da ke can, kusa ne, amma wata ƙasa ce. Oracle na da yanki a Jidda tun 2020, Google a Damam tun 2023.

Abdulmajid, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, yanzu na duba namu, desired_capacity = 3 na nan zaune, na cire. Saura max_size: na sa 20, amma rumbun bayananmu guda ɗaya ne. Akwai wanda sabobinsa suka yi yawa har suka shaƙe rumbun?