Adakar takardun Baba: mu riƙe a gida ko mu kai wani wuri?

Ɗiyar Malam, Rafindadi:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar adana takardu.

Mahaifinmu ya rasu bayan ƙaramar salla. Malamin makaranta ne har ya yi ritaya, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978. Da aka yi sadakar arba'in muka shiga ɗakinsa don a san abin da ya bari kafin rabon gado, sai muka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Mun ɗauka takardun gona ne ko na fansho. Ashe kusan duk abin da ke ciki na yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu ne.

Akwai littattafan rubutu guda bakwai, wani wuri boko wani wuri ajami. Akwai labaran da ya yanko daga New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga kisan ɗaliban Soweto na 16 ga Yuni 1976. Akwai hotuna, da kaset biyar, da rasit na gudummawa, da wasiƙu goma sha ɗaya daga wani ɗan Afirka ta Kudu da suka zauna ɗaki ɗaya a Samaru, har yanzu da kan sarkinsu. Abin da ya fi taɓa ni wasu takardu ne da ya buga da keken rubutu, da Hausa, yana yi wa mutanen karkara bayanin yadda baƙar fata ba ya shiga unguwar Turawa a ƙasar kakanninsa sai da takardar izini a aljihu.

Ina shekara takwas aka saki Mandela. Na tuna ranar Lahadi ce, Baba na zaune gindin darbejiya da rediyo manne a kunne, sai ya miƙe ya aiki yayana ya sayo goro aka rarraba wa maƙwabta. Ban gane dalili ba sai da na buɗe adakar nan.

To, gara ta ci kusurwa ɗaya daga ƙasa. Robar da ya ɗaure wasiƙun da ita ta narke ta manne. Yayanmu ya ce a yi wa masu muhimmanci laminatin, sauran tarkace ne a ƙone. Mama kuma ba ta son baƙo ya karanta littattafan, ta ce akwai maganar gida a ciki. Ta ina zan fara?

Ma'aikacin laburare, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Hajiya, don Allah ki ba Yaya haƙuri, kada a yi laminatin ko ɗaya. Zafi da gam ake sa wa takarda, in ta shiga ba ta sake fitowa, kuma tana ci gaba da lalacewa a ciki. Haka salatif: yau ya riƙe, bayan shekaru ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki hoton adakar yadda take, sannan ki riƙa fito da kaya ɗauri-ɗauri. Kada ki ware wasiƙu gefe, hotuna gefe. Yadda ya haɗa su shi ma bayani ne. In ya sa rasit cikin wata wasiƙa, da dalili. Kowane ɗauri ki ba shi lamba da fensir a kan farar takarda, ki naɗe shi da ita. Biro ba ya shiga wannan aiki. Ki cire fil da duk ƙarfen da ya yi tsatsa a hankali. Robar da ta manne, in ta bushe tana ɓantarewa. Inda ta ƙi, ki bar ta. Yankan jarida shi ne mai saurin ruɓewa, kuma yana shafa wa na kusa da shi, saboda haka ki raba su da farar takarda, ki fara ɗaukar hotonsu.

Waɗanda gara ta taɓa ki ware su, ki kakkaɓe da burushi mai laushi a inuwa. Kada a fesa fiya-fiya, kada a shanya a rana. Adakar a ɗora ta kan kanta ko benci, nesa da bango, kada kuma a ƙulle takardu cikin leda, don da damina laima na taruwa su yi fumfuna. Kaset ɗin kuwa kada ki gwada su a tsohuwar rediyon gida, sau ɗaya za ta tauna zaren. A nemi mai na'ura mai kyau, ya juye su cikin kwamfuta tun a kunnawar farko.

Tsohon malami, Daura:

Ɗiyata, na karanta saƙonki sau biyu. Ban san mahaifinki ba, amma zamaninmu ɗaya, Allah ya gafarta masa.

Ku yaran yanzu ba ku ga yadda abin ya shiga jinin mutane ba. Tun jawabin Janar Murtala a Adis Ababa cikin Janairun 1976 aka ji ƙasar nan ta ɗau zafi. Bayan Soweto gwamnatin Obasanjo ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata muka ba da kashi 2 cikin 100 na albashinmu. Ina jin rasit ɗin da kika gani na wannan ne. A Agustan 1977 aka yi taron duniya kan wariyar launin fata a Legas, a 1979 gwamnati ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na BP, daga baya Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar. A Zariya kuwa, in an ce Dokta Bala Usman, ɗan Musawa, zai yi lacca, sai ka rasa wurin tsayuwa.

Duk wannan yana rubuce, ba zai ɓata ba. Wanda ba a rubuta ba shi ne irin na mahaifinki: malamin da ya zauna ya mayar da maganar nan Hausa don manomi ya ji. Ni ma na yi irinsa, nawa kuma ruwa ya cinye shekarar da ɗakina ya faɗi.

Gara tana jira, amma mu tsofaffi ba ma jira. Ki ɗauki hotunan nan ki je wurin abokansa da suka rage, ki kunna wayarki, ki ce su faɗa miki wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara. Ki rubuta da fensir a bayan hoton. Ki fara da wanda ya fi jin jiki.

Bakatsine a Abuja:

Allah ya jiƙansa. Ni dai roƙona kada takardun nan su bar Najeriya. Iyayenmu suka cire daga albashinsu, amma a 2019 sai da aka kwaso 'yan ƙasar nan da jirgi daga Johannesburg saboda farmakin da ake kai wa baƙi. Abin yana yi mini ciwo har gobe. Shi ya sa nake son shaidar ta zauna a nan, inda 'ya'yanmu za su gan ta.

Malama mai koyar da tarihi, Katsina:

Sannu da haƙuri, 'yar'uwa. Ɗan'uwa na Abuja, na ji zafinka, kuma na yarda asalin ya zauna a gida. Amma kwafin wasiƙun ya kamata wata rana ya isa can. Jami'ar Fort Hare ta Afirka ta Kudu ce ke riƙe da takardun ANC, jam'iyyar Mandela da ta yaƙi wariyar, kuma mai wasiƙun nan yana da dangi da ƙila ba su san yadda ya rayu a Samaru ba.

Kan inda za a kai: akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda ke ƙarƙashin jami'ar da ya yi, aikinsu ke nan. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina a nan kusa. Kada ki yi gaggawa. Ki je da kanki ki ga ɗakin ajiyar, ki tambayi yadda mai bincike ke samun abin da ya nema. In za ku bayar, a yi a rubuce: jerin abin da aka miƙa, kyauta ce ko ajiya, da sa hannun magada, tunda takardun ma cikin gado suke.

Maganar Mama kuma gaskiya ce, a girmama ta. Ana iya sharaɗin cewa littafi kaza ba za a buɗe shi ba sai bayan shekara kaza, ko ku riƙe shi a gida. Abin da ba na so shi ne a yage shafi.

Ɗiyar Malam, Rafindadi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya amsoshinku, ya janye maganar ƙonawa, shi ya ma kawo bencin da muka ɗora adakar. Mun kai ɗauri na tara. Mama ta ce in riƙa karanta mata littattafan da dare, ita za ta nuna wanda zai zauna a gida.

Baba na Daura, na bi maganarka. Jiya na je Sabuwar Unguwa wurin amininsa da hotuna goma sha huɗu. Idonsa ya yi rauni, sai da jikarsa ta ƙara girman hoton a waya. Ya gane mutum shida, huɗu sun rasu. Da ya zo kan mai wasiƙun ya yi shiru, sannan ya ce nan gidanmu ya yi babbar salla a 1977, kakarmu ta ɗinka masa riga. Ya ce in dawo ranar Asabar da kaset ɗin in an juye, yana jin muryar da ke ciki zai gane ta.

Ko akwai wanda ya san mai juye kaset da za a amince masa a nan cikin garin Katsina?