Shawarwarin masu tsohuwar Toyota Sienna 'yar Kwatano

Bakinsu ya zo ɗaya a kan juye: ranar da ka sayi motar ka sauya baƙin mai da filta, kada ka dogara da maganar dillali, sannan ka riƙa yi duk kilomita 5,000.

Sun fi daɗewa a kan zafin inji. Allura ta haura, ka faka ka kashe nan take, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, tururinsa na saɓule fata. Ruwan rijiya na haddasa tsatsa a lagireto, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji. Wasu bakanikai na cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, wai saboda zafin Arewa. Ni ina tare da masu cewa a bar shi, a duba fanka.

Taya kuwa, lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefenta na nuna mako da shekarar ƙera ta.